Aminin mahaifina ya ce in sa hannu a kan kayan da ba su iso ba

Assalamu alaikum Baba. Shekarata 29, ina aiki a wata hukumar gwamnati, a sashen karɓar kaya da ajiya. Saura wata uku in cika lokacin gwaji a tabbatar mini da aiki. Daraktan sashenmu aminin marigayi mahaifina ne. Shi ya sanar da ni lokacin da aka buɗe gurbi, ya kuma tsaya mini har na samu, Kawu nake ce masa. An ba wani ɗan kwangila aikin kawo kwamfutoci 40, ya kawo 25. Yanzu shekarar kuɗi ta zo ƙarshe, sai Kawu ya kira ni ya ce in sa hannu a takardar shaidar cewa duka 40 ɗin sun shiga sito, don a biya kafin a rufe asusu kuɗin su koma baitulmali. Ya ce ragowar suna hanya. Na roƙe shi ya ba ni zuwa mako mai zuwa. Wani da ya daɗe a ofishin ya ce mini kowa haka yake yi, kada in fara da taurin kai. Matata tana da ciki wata bakwai, ita ma ta ce in bi maganar babba, kada in jefa mu cikin wahala. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. In na ƙi, na zama butulu, kuma shi ne zai rubuta rahoton tabbatar da ni. In na yarda, zuciyata ba za ta kwanta ba. Ina mafita?

Ɗanka mai neman shawara

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma na ji nauyin da ke kanka. Da baƙo ne ya nemi wannan abu, da tuni ka san amsar da za ka ba shi. Abin da ya hana ka barci shi ne wanda ya nema mutum ne da kake ganin fuskar mahaifinka a tasa. Ka yi dabara da ka nemi jinkiri maimakon ka amsa nan take, domin 'yan kwanakin nan sun ishe ka ka gyara al'amarin.

Zan fara da abin da ba zan ɓoye maka ba: kada ka sa hannu a kan 40. Amma ka lura, ka ɗora wa kanka zaɓi biyu kacal, ko ka sa hannu a kan ƙarya ko ka juya wa Kawu baya, alhali akwai na uku a gabanka. Kwamfutoci 25 sun shigo, ka gan su da idonka. Ka sa hannu a kan 25. Wannan aikinka ne, kuma wanda ya yi aikinsa ba a ce ya yi tawaye ba.

Bari in tuna maka dalilin da ya sa ake buƙatar hannunka tun farko. Kafin kuɗin gwamnati su fita zuwa ga ɗan kwangila, takardu uku ake jerawa a duba ko sun yi daidai: takardar odar da aka ba shi, takardar neman biya da ya kawo, da takardar shaidar karɓar kaya. Ta farko tana faɗin abin da aka nema, ta biyu tana faɗin abin da ɗan kwangila yake ikirari, ta uku ce kaɗai take faɗin abin da ya faru a zahiri. Da gangan aka raba waɗannan ayyuka tsakanin mutane dabam-dabam, aka hana wanda ya amince da sayen kaya ya zama shi ne mai shaidar isowarsu, domin kada mutum ɗaya ya riƙe wuƙa ya riƙe nama. Shi ya sa darakta da duk girmansa ba zai iya cike wannan gurbi da kansa ba, sai ya nemo ka. Akanta da zai biya kuɗin bai taɓa shiga sito ba, da idonka yake gani. Idan ka rubuta 40, ba Kawu ne ya shaida ba, kai ne, da sunanka da muƙaminka da kwanan wata.

Kuma takarda tana da tsawon rai fiye da zaman kowa a kujera. Masu binciken kuɗi ba sa zuwa a makon da aka biya. Sai bayan an rufe shekara, wani lokaci bayan shekara biyu ko uku, za su zo su ɗauki rajistar kadarori su ce a nuna musu kwamfuta 40, kowace da lambar jikinta da ofishin da aka kai ta. A ranar, mai yiwuwa Kawu ya yi ritaya ko an yi masa canjin wurin aiki, ɗan kwangila kuma ya canza lambar waya. Maganar da aka yi da kai a bayan ƙofa ba ta cikin fayil. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na zauna ofis ɗaya da wani bawan Allah mai haƙuri da kunya, wanda ya sa hannu a kan irin wannan takarda don kada ya ɓata wa na gaba da shi rai. Ko sisi bai ci ba. Da bincike ya zo, shi aka ba takardar tuhuma, shi aka dakatar, daga albashinsa aka riƙa cire kuɗin har tsawon shekaru. Har yau in na tuna yadda yake zuwa ofis da safe yana kauce wa idon mutane, sai zuciyata ta yi nauyi. Ba na so in ga wannan a kanka.

Yanzu mu yi wa Kawu adalci. Ba lallai ne ɓarawo ba ne, kuma ba na so ka fara kallonsa da wannan ido ba tare da hujja ba. Abin da ya faɗa maka game da ƙarshen shekara gaskiya ne. A gwamnatoci da yawa, kuɗin da aka ware wa hukuma ba ta kashe ba kafin rufe shekara suna komawa baitulmali, kuma a kasafin gaba akan ce ai ba ku buƙace su ba, a rage muku. Wannan ne ke sa shugabannin sassa rawar jiki a watan ƙarshe. Mai yiwuwa Kawu yana ganin in kuɗin suka koma, ragowar kwamfutocin sun tafi ke nan, ma'aikatansa su ci gaba da aiki da tsofaffi. Mai yiwuwa kuma shi ma akwai wanda yake matsa masa daga sama. Sai dai ko da niyyarsa fara ce tas, lissafinsa bai fita ba. Abin da ke sa ɗan kwangila ya kammala aiki shi ne kuɗinsa da ke hannun hukuma. Ranar da aka biya shi duka, an kuma ba shi takardar da ke cewa ya kawo komai, to ba sauran igiyar da za a ja shi da ita. Ko kotu aka je, takardarku ce za ta zama shaidarsa a kanku. Don haka ƙin sa hannunka kariya ce ga Kawu kamar yadda take kariya gare ka, ko da bai ga hakan ba a yau.

Batun butulci kuwa, na san shi ne ya fi ci maka rai. Kawu ya yi maka alheri, kuma alheri ba a manta shi. Ka ci gaba da gaishe shi, ka je masa lokacin farin ciki da na baƙin ciki, ka riƙe zumuncin da ke tsakaninsa da mahaifinka har ga 'ya'yansa. Da waɗannan ake biyan irin wannan bashi. Amma kujerar da kake kai ba tasa ba ce balle ya ba ka aro, ta jama'ar da ake cire haraji daga guminsu ce. Duniya ta sha wahala kafin ta fahimci haka. A Birtaniya, rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 ne ya ba da shawarar a daina raba muƙaman gwamnati ta hanyar sanayya, a koma ɗaukar ma'aikata ta jarrabawa. A Amurka sai da wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbi Shugaba James Garfield a 1881, ya rasu bayan 'yan watanni, sannan a 1883 aka yi dokar Pendleton, wadda ta kawo ɗauka bisa cancanta, ta kuma hana korar ma'aikaci don ya ƙi yi wa 'yan siyasa hidima. Wannan tabbacin aiki da kake jira nan da wata uku, asalin hikimarsa ke nan: a samar da ma'aikacin da zai iya cewa a'a ba tare da ya rasa abincinsa ba. Ba zai yi kyau ka saye shi da abin da aka ƙirƙire shi don a hana ba.

Ga yadda nake ganin za ka bi da al'amarin. Kafin ka koma wurin Kawu, ka sake ƙirga kayan tare da wani abokin aikinka na sito, in da hali da wani daga sashen binciken kuɗi na cikin gida, kamar yadda aka saba yi wa kowane kaya. Ku rubuta lambar jikin kowace kwamfuta, ku shigar da 25 a littafin sito da kwanan watan da suka iso. Kada ka yi shi a ɓoye, kada kuma ka yi shi da hayaniya. Sannan ka ɗauko takardar kwangilar ka karanta ta da kyau, ka kuma duba littafin dokokin kuɗi na ma'aikatarku, ka nemo abin da suka ce game da kayan da aka kawo wani ɓangare.

Daga nan ka nemi ganin Kawu shi kaɗai, ba a gaban sakatare ko wani ma'aikaci ba, domin babba yakan iya sauya ra'ayi a keɓe amma da wuya ya yi haka a gaban na ƙasa da shi. Ka shiga da ladabin da ka saba. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka ambaci cin hanci ko zamba. Ka ce masa wani abu kamar haka: "Kawu, na yi tunani a kan maganar da ka yi mini. Ba na so kuɗin nan su koma, kuma ba na so wani abu ya taɓa sunanka ko nawa in masu bincike sun zo. Na shirya takardar 25 da suka iso, ga ta. Ranar da ragowar suka sauka, ko da dare ne a kira ni, zan zo in karɓa in sa hannu." Ka ga ba ka ƙi shi ba, ka zo masa da abin da za ka iya.

Kuma kada ka je hannu rabbana, ka tafi da hanyoyin da za su warware masa damuwarsa. Idan kwangilar ta yarda da biya kashi-kashi, a biya kuɗin 25 yanzu, ragowar su jira. Idan ɗan kwangila da gaske yake cewa kaya suna hanya, a kira shi a ba shi wa'adi a rubuce kafin ranar rufe asusu, ya nuna takardun jigila. Wanda kayansa ke hanya ba ya jin tsoron wannan. Sashen kuɗi kuma zai iya rubuta wa ma'aikatar kuɗi ko ofishin babban akanta ya bayyana cewa akwai kwangilar da ba a kammala ba, a nemi a ɗauke ta a matsayin bashin da ke kan hukuma zuwa shekara mai zuwa, domin tsare-tsaren kuɗi da yawa sun tanadi hakan. Akwai ma inda doka ta yarda a biya ɗan kwangila kafin ya kawo kaya, amma sai ya kawo takardar lamuni daga banki, kuma a rubuta shi a matsayin kuɗin somin-taɓi, ba a ce kaya sun iso ba. Duk waɗannan sun fi wahala fiye da jan biro sau ɗaya, shi ya sa ake gudunsu, amma kowace cikinsu tana barin kowa da mutuncinsa.

Ina kyautata zaton a nan maganar za ta tsaya. Manya da yawa, in suka ga yaro ya tsaya da ladabi kuma ya zo da mafita, sukan ja da baya, wasu ma daga baya su fi amincewa da shi. Amma idan Kawu ya nace, to ka mayar da komai rubuce. Ka rubuta gajeren bayani a cikin fayil ɗin zuwa gare shi: an yi odar 40, an karɓi 25 a rana kaza, ana jiran 15, ana neman umarni. Layi huɗu sun isa, ba zargi ba ƙorafi. Sau da yawa abin da ake iya faɗa da baki ba a iya rubuta shi. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ko da ya ba ka umarni a rubuce cewa ka shaida 40, hakan bai halatta maka ba. Biyayyar da ake nema ga ma'aikaci ta tsaya ne a kan umarnin da bai saɓa wa doka ba, kuma "an sa ni ne" ba ta wanke wanda ya shaida abin da ya san ba gaskiya ba ne. Amfanin rubutun shi ne ya nuna cewa ka faɗi gaskiya a kan lokaci.

Ka kuma samu ɗan littafi naka na kanka, ka riƙa rubuta ranar da aka yi kowace magana da abin da aka ce da wanda yake wurin. Amma kada ka kwashi takardun ofis ka kai gida, kada ka ɗauki hotonsu ka tura wa abokai, kada ko da wasa ka kai maganar Facebook ko WhatsApp. Ma'aikacin gwamnati yana ƙarƙashin dokokin riƙe sirri, kuma na ga mutanen da suke da gaskiya suka zama su ne masu laifi saboda hanyar da suka bi.

Idan abin ya wuce nan, aka fara yi maka barazana ko aka nemi a ƙirƙiro maka laifi, akwai matakala. Ka fara da shugaban sashen binciken kuɗi na cikin gida, ko sashen kula da ma'aikata, ko wakilin ƙungiyar ƙwadago in kana cikinta. Sai waɗannan sun gaza ake fita waje. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta yi magana a sashe na 8 kan sauƙaƙa wa ma'aikatan gwamnati hanyar kai rahoto, a sashe na 33 kuma kan kare wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya. Amurka ta yi dokar kare masu fallasa a 1989, Birtaniya a 1998, Ghana a 2006, Najeriya kuma ta ƙaddamar da nata tsarin a Disamba 2016, a matsayin manufa ta ma'aikatar kuɗi. Ƙarfin wannan kariya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma abin da ke rubuce ba kullum yake hana a cuci mutum ba, don haka kafin ka taka wannan mataki ka zauna da lauya. Ban ga alamar ka kai nan ba tukuna. A yanzu ba a biya komai ba, ba a yi laifi ba, abin da ke gabanka hana shi faruwa ne.

Ba zan yaudare ka in ce babu abin da za ka rasa ba. Kawu zai iya yin fushi. Zai iya daina sakar maka fuska, zai iya jan ƙafa a kan rahotonka, za a iya mayar da kai wani sashe da ba kowa ke so ba. Amma a yawancin hukumomi ba mutum ɗaya ke yanke hukuncin tabbatar da ma'aikaci ba, akwai kwamiti ko hukumar kula da ma'aikata, kuma mummunan rahoto yana buƙatar dalili, ana kuma ba ma'aikaci damar ya kare kansa. Don haka a watanni ukun nan ka toshe duk wata kafa: ka zo a kan lokaci, kada fayil ya kwana a teburinka, ka ajiye kwafin rahotannin aikinka na baya da duk wata takardar yabo da aka ba ka. Jinkirin tabbatarwa ana gyara shi, canjin sashe ana jure shi. Shaidar ƙarya a kan dukiyar gwamnati kuwa tana cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora, wani lokaci har gaban alƙali, kuma tana bin mutum duk inda ya je neman wani aiki. Ka kuma sani wanda ya sa hannu sau ɗaya, a gaba ba roƙonsa za a yi ba, tunatar da shi za a yi.

Matarka ba ta yi laifi ba. Mace mai ciki wata bakwai da ta ji ana maganar abin da zai taɓa albashin gida, dole hankalinta ya tashi. Ita ma tsaron gidan take nema, sai dai hatsarin wata uku take gani, ba a nuna mata na shekara uku ba. Ka zaunar da ita cikin natsuwa ka bayyana mata yadda takardar take aiki, da wanda za a kama in kayan ba su zo ba, da kuma cewa ba faɗa za ka je yi da Kawu ba. Ku duba abin da za ku iya tsimi a watannin nan don haihuwa, ko da an samu tangarɗa. In ta ga kana da shiri, ba zuciya ce ke ɗibarka ba, ina sa ran za ta tsaya tare da kai. Shi kuwa abokin aikin da ya ce kowa haka yake yi, ka gode masa ka wuce. Ba sunansa ne zai hau takardar ba.

Wata damuwa da za ta iya biyo baya ita ce a zagaye ka a samu wani ya sa hannu. In haka ta faru, kada ka shiga ofis-ofis kana ba da labari. Littafin sito da ke hannunka ya ci gaba da nuna 25 har ranar da ragowar suka shigo da gaske, kuma duk mai binciken da ya tambaye ka, ka faɗa masa abin da ka ƙirga. Idan watanni suka shuɗe ba a kawo komai ba alhali an biya, to lokacin ne za ka kai bayaninka a rubuce ga sashen binciken kuɗi na cikin gida.

Gobe da safe ka fara da ƙirgar. Ka shirya takardar 25 ɗin kafin ka nemi ganin Kawu, domin ka shiga ofishinsa da abu a hannu. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya jiƙan mahaifinka. Ka sake rubuto mini bayan kun gana, ina son in ji abin da ya ce.